Tiyon Na-Tsallake

Ba Bawul aka raɗa masa ba, amma wanda duk ya kira shi da sunansa na gaskiya sai ya yi ta kira har maƙogwaro ya bushe, don shi kansa ya manta da shi. Bawul shi ne ɗan hancin nan na jikin taya, wanda da an taɓa shi da tsinke sai ya hau huci. To haka mutumin yake. Gwaggo, wadda ta haife shi, ta ce ranar da ya zo duniya bai yi kuka ba, harara ya yi, sai da ungozoma ta ba shi haƙuri kafin ya yarda a yi masa wanka. A makaranta aji huɗu ya tsaya, bayan ya kwashe wata guda yana gardama da malami a kan cewa agogon bango ƙarya yake yi. Malamin ya ce ko shi ko yaron, makarantar kuwa ta fi bukatar malami.

Daga nan aka kai shi koyon faci wajen wani tsoho a bakin babban titi, ya tarar da sana'ar da aka yi dominsa: a wuni ana dukan abu da guduma ba mai cewa don me. Shekara ashirin da biyu ke nan yana kanta. Rumfarsa ta kwano ce, tsakanin shagon Mai Aski da kantin wata mata da duk layin ke kira Yaya Mai Kanti. A ciki akwai rabin duro cike da baƙin ruwan da ake tsoma roba a nemi inda take kumfa, ruwan da ba a canza ba tun kafin ya yi aure. Akwai injin iska mai tari kamar tsohon da ya shekara sittin yana shan taba. Akwai alli rawaya, wanda ake zagaye wurin huji da shi, kullum maƙale a bayan kunnensa; har wanka da shi yake shiga. Aiki kam a ba shi. Zai kara kunci a jikin taya ya gaya maka ƙusa ce ko kwalba, kuma a wace unguwa ka taka ta. Sai dai duk wanda ya kawo masa faci sai ya haɗa da shan faɗa, don a ganinsa taya ba ta sacewa haka kawai, mai ita ne ba shi da hankali.

Matarsa, Allah ya ba ta lada, ta ɗauki hucinsa kamar ƙarar firij, sai ya yi shiru take tashi ta duba ko lafiya. 'Ya'yansu uku sun ƙware wajen karanta yadda ya jefar da takalmi a ƙofar ɗaki. In ƙafa ɗaya ta faɗa kan ɗaya, a iya tambayarsa littafi. In ɗaya ta haura katanga, kowa ya tuna yana da aikin makaranta.

Amma wannan duk fushin yau da kullum ne. Babban fushin, wanda ya ajiye a wuri mai kyau yake kakkaɓe shi kowace safiya, na mutumin da ke ɗaya gefen titin ne. Shi ma mai faci ne, gajere, mara magana, rumfarsa na kallon ta Bawul ido da ido. Wajen tsoho ɗaya suka koyi aiki, benci ɗaya, mari ɗaya. Abin da tsohon ya fi nanata musu shi ne, duk wanda ya zare ƙusar da ke jikin taya, tayar ta zama tasa, mai motar ma ya zama nasa, don shi za a nema in facin ya tashi. To shekara goma sha ɗaya da suka wuce wata tifa ta yi faci daidai kan farin layin tsakiyar titi, ba ta nan ba ta can. Suka rugo a tare, kowa da filayarsa. Aka yi ja-in-ja a kan ƙusa ɗaya tak, har gajeren ya faɗa a gaban jama'a cewa Bawul da yawu yake liƙa faci. Tun ranar Bawul bai ƙara furta sunansa ba, sai dai Na-Tsallake, har sunan ya bi mutumin, matarsa ma aka ce haka take kiransa in ya ɓata mata rai.

Tun ranar kuma ba wanda ya taka gefen wani. Mota ta sace a gefen Bawul, ko da ya zagaya bayan gida, Na-Tsallake ba ya ko ɗaga kai. Da mahaifin Bawul ya rasu, rumfar tsallake kwana uku tana rufe. Mutumin bai zo gaisuwa ba, amma bai buɗe ba. Bawul ya riƙe wannan a ransa, ya ƙara masa ƙiyayya mai tsabta, irin wadda ake yi wa mutumin da ya isa a ƙi shi.

Ana nan sai ga wasan jiragen ruwa ya shigo talabijin. Kowace Talata da ƙarfe biyar na yamma layin nan mutuwa yake. Mai Aski kan bar mutum da rabin kai, Yaya Mai Kanti ta ja ƙofa ta zo da kujerarta, a cika shagon askin har kan taga. Labarin wasu attajirai biyu ne masu jiragen tsallakar da mutane a wani kogi, Mai Sanda da Mai Tabarau, waɗanda suka tsani juna tun kashi na ɗaya. Wannan ya huda jirgin wancan, wancan ya sace fasinjan wannan, haka dai. Sauran mutane kallo suke yi, Bawul karatu yake. Shi ne ya fara cewa ba hauka suke yi ba, akwai doka tsakaninsu, dokar da ba a rubuta ba kuma ba a faɗa ba, amma kowannensu ya san ta.

Ba wanda ya taɓa cewa haka a cikin wasan. Daga ƙananan abubuwa yake tono ta. A kashi na goma sha huɗu Mai Tabarau ya cire tabaransa da zai wuce ƙofar gidan uwar Mai Sanda, Bawul ya miƙe tsaye a gaban akwatin ya ce kun gani, ba a shiga da gaba gidan uwa. Yaya Mai Kanti ta ce gumi ne ya shige masa ido. Aka yi mako guda ba ya sayen ko ashana a kantinta. Dokokin ya bi ya rubuta su da allinsa a bayan ƙofar rumfa, da rubutun nan nasa mai kama da an tsoma kaza a fenti an sake ta, har suka kai tara. Ba a kai maƙiyi ƙara. Ba a gaishe shi, amma ba a barin wani ɗan iska ya zage shi a gabanka. Ta farko, wadda ya ja wa layi biyu, ita ce ba a taɓa maƙiyi yana kwance. A guruf ɗin masu kallo na waya kuwa, muryarsa ta minti goma sha biyu ita ce gajera. Sau huɗu ana cire shi, sau huɗu ana mayar da shi, don in ba ya nan ba wanda za a tsokana.

Layi ya rabu biyu, masu cewa akwai doka da masu cewa babu. Ɓangaren akwai doka Bawul ne, da Mai Aski in Bawul na kusa. Ɓangaren babu kuwa Yaya Mai Kanti ce da sauran duniya.

Sai wata Talata jirgin Mai Sanda ya kife, aka kwantar da shi asibiti an naɗe shi kamar sabon buhu. Ga Mai Tabarau ya iso ƙofar ɗakin, hannu ɗaya a cikin riga, sai kiɗa ya tashi aka ce sai mako mai zuwa. Shagon aski ya kaure. Yaya Mai Kanti ta ce takarda ce a rigar, zai sa mara lafiya ya dangwala ya ƙwace tashar jiragen. Wani ya ce wuƙa. Bawul ya ce ko lemo ne ko ba komai, amma wanda ya ce Mai Tabarau zai taɓa mutum a kwance bai san mutane ba, kallon hoto kawai yake yi.

"Ƙanena," in ji Yaya Mai Kanti, "maƙiyi maƙiyi ne. Ranar da ka faɗi ranar yake jira. Je ka kwanta kwana biyu ka ga ko naka na tsallake zai bar maka ko bawul ɗin keke."

Nan jijiyar wuyan Bawul ta miƙe kamar tiyo an buɗe masa iska. Ya nuna tsallaken titi da haɓa, don ko yatsa ba ya nuna wajen. Ya ce wancan mugu ne, makiri ne, facinsa ba ya kai sati, amma ya san doka.

"Yaya, ku shaida, ku duka. Wallahi ranar da ya taɓa aikin gefena ina kwance, ranar zan kwance injina in bar muku layin nan."

Mai Aski ya ce a'a, ba ta kai ga rantsuwa ba. Bawul ya maimaita ta sau biyu, sannan ya ɗauke ta a waya ya tura guruf, don waɗanda ba su zo ba su ma su ji.

Kwana huɗu tsakani haƙori ya kama shi. Ba ciwon haƙori irin na mutane ba, a'a, kuncinsa ya kumbura har direbobi suna tsayawa su tambaya ko tayar sayarwa ce. Ya ƙi asibiti, ya ce filayarsa ta isa. Sai da Gwaggo ta zo da kanta, da sandarta, ta ce kai ɗan nan in ba ka tashi ba ni zan cire maka shi da wannan. Likita ya cire haƙorin, ya cusa masa auduga, ya ce kwana uku ba aiki, ba magana mai ƙarfi. Matarsa ta ce tunda aka yi aurensu ba ta taɓa jin gidan da daɗi haka ba, har tsuntsaye suka dawo tsakar gida. Ta kawo shawara a nemi wani cikin masu faci na bayan kasuwa ya riƙe masa rumfa. Bawul ya rubuta mata a bayan takardar magani cewa ba sai an tsare ba, doka na tsare da ita. Ya sa aka garƙame ƙofa da kwaɗo, safayar tayar wata motar burodi tana ciki tana jiran faci.

Direban burodin nan daɗaɗɗen mai kawo masa aiki ne, shekara tara. Kullum da safe yana tsayawa a gefen Bawul ya sauke wa Yaya Mai Kanti kaya. Mutum ne mai tsoro, in Bawul na masa faɗa har godiya yake yi.

Talata ta wuce Bawul na kwance, bai ga wasan ba, don Gwaggo ta ƙwace wayarsa ta zauna a kanta. Laraba da sassafe ya fito, auduga a baki, yana tafe yana shirya yadda zai wanke Yaya Mai Kanti tas. Yana shawo kwanar layin ya tsaya cak.

Motar burodi na tsaye a ƙofar rumfarsa. Daga tayarta ta baya wani sabon tiyo ja ya miƙe, ya hau kwalta, ya tsallake farin layi kamar ba a taɓa shafa shi ba, ya shige rumfar Na-Tsallake, inda inji ke ta ruri. Motoci na bi ta kansa. Direban burodi na tsugune yana riƙe da bakinsa. Da ya hango Bawul sai ya saki tiyon, ya faɗa mota, ya ja ta ba sallama, har burodi biyu suka faɗo.

Duk layin ya gani. Mai Aski ya shige shago ya hau share gashin da ya riga ya share. Yaya Mai Kanti ce ta fito da tsintsiya a hannu, ta yi masa sannu da jiki, sannan ta ce af, ya ji labarin jiya? Takarda ce a rigar. Mai Tabarau ya ƙwace tashar jiragen, Mai Sanda na kwance ko yatsa ba ya iya ɗagawa. Ta kalli tiyon, ta kalle shi, ta ce ashe wasan har layinmu ya iso.

Bawul ya ce, ta cikin auduga, marubutan wasan ba su san wasan ba, sababbi aka ɗauko. Amma ba a kan talabijin idonsa yake ba. Ya nufi titi. Bai tsallaka ba, don doka ta huɗu ta hana, sai ya tsaya daidai kan farin layi, motoci na wuce shi gaba da baya suna zaginsa yana ramawa da hannu. Ya taka tiyon da ƙafa ya tsaya. Can sai injin tsallake ya yi shiru. Na-Tsallake ya fito yana goge hannu da tsumma, ya zo ya tsaya taku ɗaya daga layin. Shekara goma sha ɗaya ba su yi kusa haka ba. Bawul ya lura mutumin ya yi furfura ba tare da ya sanar da kowa ba, wannan ma ya ƙara ba shi haushi.

Ya tambaye shi ina dokar da ke tsakaninsu.

"Wace doka, ɗan'uwa?"

Bawul ya ce kada ya ɗan'uwa shi. Ya ce shekara goma sha ɗaya bai taɓa mota a wannan gefen ba, don me, in ba doka ba. Na-Tsallake ya ce tiyonsa ne gajere, iyakarsa farin layi, shekaranjiya ya sayi dogo. Bawul ya ce to rufe rumfa kwana uku da rasuwar babansa fa. Mutumin ya yi tunani ya ce ai kamar lokacin ne injinsa ya ƙone, amma Allah ya jiƙan Baba. Bawul ya haɗiye jini da yawu ya ce, to maganar nan da ya faɗa ranar tifa, a gaban jama'a, ita fa.

Na-Tsallake ya sosa ƙeya. "Wace tifa?"

Da mari ya yi masa da ya fi sauƙi. Mutum ya shekara goma sha ɗaya yana ciyar da gaba, yana mata wanka, yana kai ta makaranta, a wayi gari wanda aka haife ta tare da shi ya ce bai san ta ba. Bawul ya buɗe baki zai yi ihun da za a ji a ƙasashe uku, audugar ta faɗo kan kwalta, zafi ya sare shi har ƙwaƙwalwa. Ya juya ya koma gefensa.

Ya buɗe kwaɗo, ya ɗauko sifana, ya hau injin iska. Ya cire bel, ya tsiyaye mai a gwangwani, ya kwance kusoshin da suka riƙe shi da ƙasa, waɗanda tsatsa ta aurar da su da siminti tun zamanin tsohon maigidansa. Ya aro baro ya fara lodi. Sai a nan dariyar layin ta fara tsinkewa. Mai Aski ya zo ya ce Malam Bawul, ai kowa ya san zafin gardama ne. Yaya Mai Kanti ta tsaya a kansa ta ce ƙanena, wasa fa muke, in ka tafi wa zan tsokana, waɗannan duk ba su da jini. Ya ce rantsuwa ba wasan talabijin ba ce, tana cikin waya, mutum arba'in da bakwai sun saurara. Matarsa ta iso da magani da sabuwar auduga, ta dubi baron, ta tambaye shi a hankali ina za a. Ya ce duk inda ba maƙaryata. Ta ce to ba nisa ke nan da kabari, ta cusa masa audugar ta tafi.

Gaskiyar magana bai san inda za shi ba. Bayan kasuwa masu faci sun yi yawa, har taya ɗaya mutum uku ke bi. A nan ya san kowane rami na titin, ya san wanda ke kawo masa aiki da damina da wanda ke kawowa da rani. Ya tsaya gaban ƙofar nan mai dokoki tara, ya jiƙa tsumma a baƙin ruwan duro, ya ɗaga hannu zai goge. Bai goge ba. Ya jefar da tsumman ya ci gaba da lodi yana zagin baro.

Rana ta take sai ga motar burodi ta dawo tana ɗingishi, tayar baya ta kusa zama a ƙasa. Direban ya fito yana murza hula, ya ce Maigida sannu da jiki. Bawul ya ce ya kai wa sabon ubangidansa mai jan tiyo. Direban ya ce ai ya kai, tun ranar farko. Tayar ta sace a nan ƙofar, safaya kuma tana kulle a ciki, sai ya ɗaga motar ya cire ƙafar ya gangara da ita tsallake. Mutumin ya duba ya ce sholishonsa na liƙa faci ya ƙare, sai dai ya ba shi iskar da za ta kai shi yamma. Washegari ma haka, sai dai ya zo da dogon tiyo don kada a yi ta cire ƙafa. Yau ma haka. Kwana uku yana yawo da iskar aro.

Bawul ya daina abin da yake. Bai san shekarun 'ya'yansa daidai ba, amma kayan rumfar tsallake ya san su kamar yatsunsa. Ya ɗaga kai. Ga gwangwanayen sholisho nan a kan katako, jajaye, shida, inda suke tun makon jiya. Ga mutumin ma a zaune yana shafa wa robar babur sholisho da yatsa, hankali kwance, kai a sunkuye.

Ya ture direban gefe, ya durƙusa, ya ce a turo motar gaba kaɗan. Tayar ta juya. A kan haƙoranta akwai da'irar farin alli, an sake bin ta sau biyu ko uku don kada ta goge. Bawul rawaya yake amfani da shi. Fari na tsallake ne. A tsakiyar da'irar ga kan ƙusa nan yana ƙyalli, daram, ba a ko motsa ta ba. Mutumin ya nemo ta, ya zagaye ta, ya bar ta a inda take. Mai faci ya ga ƙusa da idonsa, filaya a aljihu, ya bar ta kwana uku, wannan ko a mafarki sai an yi dalili.

Mai Aski ya leƙo ta kafaɗarsa. Yaya Mai Kanti ma ta zo. Bawul ya zaro filaya ya fizge ƙusar, ya ɗaga ta sama kamar haƙorin da aka cire masa. Ya ce kowa ya gani, shi ya zare ta, tayar tasa ce, aikin gefensa ba a taɓa ba. Iska kuwa ba aiki ba ce, ko mahaukaci ya roƙa ana ba shi.

Mai Aski ya ce to alhamdulillahi, rantsuwa ba ta kama ba ke nan, a sauke baro. Ya zaci Bawul zai yi murna. Ina. Bawul ya miƙe, fushinsa ya fi na safe ninki biyu. Ya ce wato makirin nan ya tsaya a tsakiyar titi, a gaban motoci, ya kalli ƙwayar idonsa ya ce wace doka. Ya ce wace tifa. Ya bar shi ya kwance inji, ya tsiyaye mai, yana kallo, da gangan. Ya fuskanci tsallake ya zare audugar da hannunsa.

"Maƙaryaci! Ka tuna tifar sarai! Kuma da'irarka a karkace take!"

Na-Tsallake bai ɗago ba. Ya hura robar babur ɗin, ya ajiye ta ta sha iska.

Yaya Mai Kanti ta ce ita dai a ganinta ƙyuya ce ta hana shi zare ƙusar, tayar burodi ba ta da daɗin buɗewa. Bawul ya ce ta jira ta gani, Mai Tabarau ma ba ƙwace tashar ya yi ba, riƙe wa mara lafiya ita yake don kada 'yan iska su shiga, shi ya sa ya ƙi faɗa. Ta ce to marubutan da ba su san wasan ba fa. Ya ce sun fara koyo. Ya zaro allin daga bayan kunne ya je bayan ƙofa ya ƙara ta goma: maƙiyi ba ya yarda akwai doka ko za a yanka shi. Ya ja mata layi uku, allin ya karye.

Sannan ya ɗaga motar, ya cire ƙafar, ya ɓanɓare tayar da duka irin wanda ke sa ƙarfe neman gafara. Ya kankare, ya shafa sholisho, da yawa, yana ɗaga gwangwanin sama yadda za a hango shi daga tsallake a tabbatar ba yawu ba ne. Ya liƙa, ya danne, ya mayar. Sai da ya kai hannu wajen tiyonsa ya tuna injin na kan baro gunduwa-gunduwa, bel a nan, mai a gwangwani, kuma mayar da shi aikin wuni ne.

Jan tiyon na nan kwance inda aka yar da shi tun safe, bakinsa taku biyu daga ƙafar Bawul. A tsallake injin ya tashi, ba kowa a gabansa, ba tayar da ake hurawa. Tiyon ya cika ya motsa, ya fara huci a hankali. Direban burodi ya dube shi, ya dubi Bawul, ya buɗe baki, ya ga idon, ya rufe.

Bawul ya shiga rumfa ya yi ta haƙa a ƙarƙashin tsofaffin tayoyi har ya zaƙulo famfon hannu na keke, wanda ba a taɓa ba tun yana ɗan koyo. Ya ɗaura shi a bawul ɗin motar, ya taka gindinsa, ya fara bugawa. Kunci a kumbure, gumi na ɗiga a haɓa, kowane bugu da zaginsa. Awa biyu da kwata ya yi, Mai Aski ya duba agogo. Burodin rana bai isa ko'ina ba sai yamma. Duk tsawon lokacin tiyon na gefensa yana huci, shi ma yana huci, kuma ba wanda ya kashe nasa injin.